Yawan ambato ko nauyin aiki: da me za mu auna mai bincike a kimiyyar kwamfuta?

Malam_Algoridim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don abin nan ya tsaya mini a rai kwana biyu. An saka ni a wani ƙaramin kwamiti a tsangayarmu, mu uku, za mu fitar da mutum ɗaya daga sashen kimiyyar kwamfuta a tura sunansa don lambar yabo ta bincike. Mutum biyu suka rage. Ba zan faɗi suna ko jami'a ba.

Na farko, idan ka buɗe shafinsa na Google Scholar, rumbun da ke ƙirga ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da maƙalar mutum a nasu rubutun, ma'aunin h ɗinsa 21 ne, an ambaci ayyukansa fiye da sau 2,000. Da na zauna na bi maƙalun ɗaya bayan ɗaya, sai na ga guda uku ne suka ɗauke fiye da rabin ambaton, kuma kowacce marubutanta sun haura talatin, sunansa yana can tsakiya. Ta biyu ma'auninta 6 ne, ambatonta bai kai 300 ba. Amma biyu daga cikin maƙalunta a manyan tarukan fanninta suka fito, ita da ɗalibinta kaɗai, kuma ta rubuta wata manhaja da ta ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, wadda na ga mutane daga ƙasashe daban-daban suna aiki da ita.

Shugaban kwamitin farfesa ne daga wani sashen, ya ce lamba ba ta ƙarya, mu ba na farko mu tashi. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Shin yawan ambato da yawan abokan rubutu sun isa su nuna wanda bincikensa ya fi tasiri?

Ɗalibar_Masta:
Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kafin a yi nisa, a yi mana bayanin ma'aunin h ɗin. Kullum ina ganinsa a gefen shafi, ban san yadda ake lissafa shi ba.

Dakta_Sambo83:
@Ɗalibar_Masta abu ne mai sauƙi. Jera maƙalunki daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. Idan kina da guda 6 da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 6, to ma'auninki 6 ne. Ba za ki koma 7 ba sai kin sami guda 7 da kowacce ta kai ambato 7. Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005, masanin fiziya ne a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Niyyarsa ya haɗa yawan aiki da karɓuwarsa a lamba ɗaya.

Ga inda matsalar take. Wanda ya rubuta maƙala biyu tak, ko da an ambaci kowacce sau dubu goma, ma'auninsa ba zai wuce 2 ba. Sannan ba ya raguwa, ko mutum ya daina bincike shekara goma. Kuma bai san marubuci ɗaya da marubuta hamsin ba, kowa cikakken lada yake ba shi.

Baban_Walida:
Ni ina bayan shugaban kwamitinku, kuma zan faɗi dalili. Na yi shekara ashirin da biyu ina koyarwa. Na ga lokacin da ba a duba komai sai wa ka sani, wane ne ubangidanka, daga wane gari kake. Mutum ya tara takardu a mujallun da ba wanda ya taɓa ganinsu sai shi da mai buga su, a ƙara masa girma. Zuwan rumbunan ƙirga ambato irin su Scopus da Google Scholar shi ya sa yaro ɗan talaka ya iya buɗe shafi ya ce ga aikina, ga waɗanda suka kafa hujja da shi daga Indiya da Jamus. Duk ranar da kuka ce a ajiye lamba a koma "ni a ganina aikin wance ya fi nauyi", kun sake buɗe ƙofar son kai. Lamba tana da aibi, na yarda, amma kowa yana ganinta, kowa zai iya bin diddiginta.

Hajiya_Network:
@Baban_Walida ranka ya daɗe, tsoronka gaskiya ne, amma akwai abin da ya keɓanta da fanninmu wanda farfesan nan daga wani sashe wataƙila bai saba da shi ba. Mu a kimiyyar kwamfuta, manyan ayyuka a taruka suke fitowa, ba a mujallu ba. SIGCOMM, SOSP, STOC, NeurIPS, ACL, CVPR. Cikakkiyar maƙala ake turawa, mutum uku ko fiye su tantance ta, kuma a da yawa daga cikinsu wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ake karɓa. Tun 1999 CRA, ƙungiyar masu binciken kimiyyar kwamfuta da ke Amurka, ta fitar da takarda, David Patterson da Lawrence Snyder da Jeffrey Ullman suka rubuta, don su fahimtar da hukumomin jami'o'i wannan al'amari, kuma su nuna cewa manhaja ko na'urar da mutum ya ƙera ita ma sakamakon bincike ce.

Ni kaina abin ya ci ni. Fom ɗin ƙarin girma a inda nake aiki yana ba maƙalar taro rabin makin maƙalar mujalla. Aikin da na shekara biyu a kansa, na sha gyara daga masu tantancewa har sau biyu kafin ya shiga, an ba shi maki ƙasa da wata takarda mai shafi biyar da aka biya kuɗi ta fito cikin sati biyu. Ranar da na ga takardar makin sai da na rufe ofis na zauna shiru.

Ɗan_Birni_ML:
Allah ya ƙara haƙuri Hajiya. Wannan fom ɗin kusan ko'ina haka yake.

Ummu_Hanan:
Malam_Algoridim, akwai wata kalma a tambayarka da ta sosa mini rai: "sunansa yana can tsakiya." Ni ma sunana yana can tsakiya a maƙala mai marubuta da yawa, bari in gaya muku abin da tsakiyar ta ƙunsa.

Aikin tattara bayanan harshen Hausa ne don koya wa kwamfuta gane sunayen mutane da wurare a cikin jimla. Wata uku ina yi. Sai yara sun yi barci, in kunna fitilar caji, in ɗora kwamfuta a kan tabarma, in bi jimla ɗaya bayan ɗaya ina sa alama. "Kano" a nan gari ne, a can sunan mutum ne, a wani wurin kuma ƙungiyar ƙwallo ake nufi. Mu uku muke yi, duk inda muka saɓa sai mun yi waya mun daidaita. Babu wanda zai iya wannan aikin daga Landan ko Kalifoniya idan ba ya jin Hausa.

Shi ya sa ƙungiyar Masakhane, ta masu binciken koya wa kwamfuta harsunan Afirka, ta ɗauki tsarin cewa wanda ya ba da gudummawa ta gaske, ko da bayanai ne ko fassara, a sa sunansa. Maƙalarsu ta 2020 kan fassarar na'ura a harsunan Afirka marubutanta sun kusa hamsin. MasakhaNER ta 2021, maƙalarsu kan gane sunaye a cikin jimla, ta ƙunshi harsuna goma har da Hausa, ta yaya mutum uku za su yi wannan? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A da sai a kwashi bayananmu, a gode mana a layi ɗaya a ƙarshen takarda, ko ma a manta. Yanzu da aka fara sa sunanmu kuma sai a ce sunan ba shi da nauyi?

Malam_Algoridim:
@Ummu_Hanan ki yi haƙuri 'yar'uwa, wallahi ba raini nake nufi ba. Abin da nake cewa, daga shafin kaɗai ba ni da hanyar sanin ko shi ya yi irin wahalar da kika yi, ko kuwa saka shi aka yi.

Gaskiya_Ɗaya:
To ai ba a nan gizo ke saƙa ba sai a wannan "saka shi aka yi" ɗin. Lokacin da nake digiri na uku, na gama maƙalata ta farko, na kai wa mai duba aikina. Ya karanta, ya ɗauki jan biro ya ƙara suna huɗu a ƙasan nawa. Biyu ban taɓa ganinsu ba. Ya ce su ma za su saka mu a nasu. Ban iya cewa komai ba, kundina yana hannunsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka ake yi da ambato ma, cuɗe ni in cuɗe ka: ka ambaci nawa biyar, in ambaci naka biyar, ko da aikin ba ya da alaƙa. Har mai tantancewa na taɓa samu da ya turo jerin maƙalu bakwai ya ce sai na ambace su, duka na mutum ɗaya.

Don haka Ummu_Hanan tana da gaskiya, ni ma ina da gaskiya, kuma a Google Scholar ni da ita da waɗancan mutum huɗun duk kamanninmu ɗaya.

Ɗan_Birni_ML:
Akwai mafita ta lissafi. Shafin CSRankings na Emery Berger, mai jera sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'i, yana raba maki ne: maƙala mai marubuta huɗu, kowa ya sami rubu'i. Kuma manyan taruka kawai yake ƙirgawa, daga bayanan DBLP, rumbun maƙalun kimiyyar kwamfuta, ba ya ƙirga ambato sam. Malam, ka raba ambaton mutumin nan da yawan marubuta ka ga abin da zai rage.

Ummu_Hanan:
@Ɗan_Birni_ML idan aka yi haka, wanda ya jagoranci aikin mutum arba'in na shekara guda ya sami kashi ɗaya cikin arba'in ke nan, daidai da wanda ya turo jimla ɗari. Kuma gobe duk mai wayo zai daina gayyatar kowa. Wa aka hukunta? Mu da muke ƙasa.

Issoufou_Yamai:
Sallama daga Nijar. Mu nan ƙarin girman malaman jami'a ta hannun CAMES yake bi, hukumar da ke Wagadugu, kwamitin masana daga ƙasashe daban-daban ke duba takardun mutum, ba abokan aikinsa na gida kaɗai ba. Wannan yana rage abin da Baban_Walida yake tsoro. Amma ina so in ja hankali kan matsayin suna, tunda wasu za su ce a duba wa ke farko. A ɓangaren nazarin algoridim da lissafi, al'ada ita ce a jera sunaye bisa haruffa. Mai suna Abdou kullum shi ne farko, mai suna Zakari kullum shi ne ƙarshe, ba ruwan wannan da wanda ya fi aiki. A wasu ɓangarorin kuma na ƙarshe shi ne babban malamin da ya jagoranta. Maƙalar Transformer ta 2017, wadda manyan manhajojin hira na yanzu suka ginu a kanta, marubuta takwas ne, kuma sun rubuta a ƙasan shafin farko cewa gudummawarsu daidai take, jerin sunayen ba bisa fifiko ba ne. Wanda bai san al'adar ɓangaren ba zai yi kuskure ko da niyyarsa mai kyau ce.

Abu_Sadiq_Dev:
A jami'ar da na gama akwai malamin da Stanford ta zaɓa cikin kashi 2 na manyan masanan duniya. Irin wannan ai ya isa hujja, a duba ko ɗayansu yana ciki.

Dakta_Sambo83:
@Abu_Sadiq_Dev ɗan gyara kaɗan. Ba lambar yabo ba ce da jami'ar Stanford ke bayarwa. Jeri ne da John Ioannidis, farfesa a can, da abokan aikinsa suke fitarwa daga bayanan Scopus na kamfanin Elsevier, tun 2019. Lissafin ambato ne shi ma, sai dai ya fi ma'aunin h hankali, don yana la'akari da yawan marubuta da matsayin suna, kuma yana nuna lamba biyu, da ambaton kai da kuma ba tare da shi ba. Ba wani kwamiti da ya zauna ya karanta aikin mutum.

Kuma ga waɗanda suke cewa lamba ba ta ƙarya, ku nemi labarin Ike Antkare. A 2010 wani masani a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiro wannan sunan, ya samar masa da takardu wajen ɗari da manhajar SCIgen, wadda ɗaliban MIT suka rubuta a 2005 tana haɗa maƙalun da ba su da ma'ana. Takardun suna ambaton juna. Ma'aunin h na wannan mutumin da babu shi ya kai 94 a lissafin da aka ciro daga Google Scholar, sama da na Einstein a lokacin. A 2014 kuma manyan masu buga maƙalu, IEEE da Springer, sun cire takardu fiye da 120 irin na SCIgen da suka riga suka shiga rumbunansu. A 2023 Clarivate, wata cibiyar ƙirga ambato, ta cire fannin lissafi gaba ɗaya daga jerinta na waɗanda aka fi ambata saboda yadda ake wasa da ambato.

Baban_Walida:
Dakta, waɗancan takardun na SCIgen da lissafi aka gano su, ba da jin zuciya ba. Maganin lambar da aka gurɓata shi ne a tsaftace ta. A cire ambaton kai, a duba Scopus maimakon Google Scholar, a ga su wa suke ambaton.

Hajiya_Network:
A wannan na yarda da kai ranka ya daɗe: a ga su wa suke ambaton. Ambato ɗari daga abokai biyar ba ɗaya ba ne da ambato talatin daga ɗakunan bincike talatin da ba su san ka ba.

Muhd_ko_Mohammed:
Ku bar ni in ɗan kauce, amma abin yana da alaƙa. Ku duba shafin na farkon da kyau, ku tabbatar duk maƙalun nasa ne. Sunayenmu suna rikita waɗannan rumbunan. Ni a takardar sakandare Mohammed ne, a fasfo Muhammad, a maƙalata ta farko an rubuta M. Abubakar. Wata rana na tarar Google Scholar ya zuba mini maƙalu tara kan kiwon kifi da cutar koda, ma'aunina ya yi tsalle cikin dare ɗaya. Sai da na bi na goge su da hannu. A Scopus kuma an raba ni gida uku, kowane da 'yan ambatonsa. DBLP, wanda Michael Ley ya fara a Jami'ar Trier ta Jamus a 1993, ya fi kula, har lamba yake sa wa masu suna iri ɗaya, 0001, 0002, haka. Duk ɗalibin da ke nan ya je ya buɗe ORCID yau, lambar shaida ce da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, kyauta ne, kuma ya tsaya a kan rubutun suna ɗaya.

Ɗalibar_Masta:
Na gode Yaya, yanzu zan buɗe. To ni da za a iya canja mini suna bayan aure fa?

Hajiya_Network:
@Ɗalibar_Masta ki riƙe sunan mahaifinki a duk abin da za ki buga, ƙanwata. Ni haka na yi.

Tsohon_Injiniya:
Ina karanta ku tun safe. Ni ba malamin jami'a ba ne, shekaruna a kamfani na yi su, amma bari in sa baki kan ita ta biyun da manhajarta.

Ambato yana auna abu ɗaya: masu rubuta maƙala nawa ne suka tuna da kai lokacin da suke rubutu. Wayar da ke hannun kowannenku akwai SQLite a ciki, manhajar adana bayanai, Richard Hipp ya fara ta a 2000. Linus Torvalds ya ba duniya Linux, tsarin sarrafa kwamfuta, a 1991, da Git, manhajar bin sauye-sauyen da ake yi wa manhaja, a 2005. Wa zai auna waɗannan da ma'aunin h? Tim Berners-Lee ya tura maƙala kan yanar gizo zuwa taron Hypertext na 1991, ba a karɓe ta a matsayin maƙala ba, sai wurin nuni aka ba shi. Leslie Lamport ya tura aikinsa na Paxos, hanyar da kwamfutoci da yawa za su daidaita kan abu ɗaya, a 1990, bai fito ba sai 1998, yau kuma manyan rumbunan bayanai na duniya a kan wannan tunanin suke daidaita kansu, shi kuma ya karɓi lambar Turing ta 2013, babbar lambar yabo a kimiyyar kwamfuta. Da kwamiti irin naku ya zauna a 1995 ya ƙirga ambaton Paxos, me zai gani?

Wani abin kuma, aiki idan ya shiga jinin fanni sai a daina ambatonsa. Mutum nawa ne suke amfani da hanyar Dijkstra ta gano gajeriyar hanya kullum ba tare da sun koma ga takardarsa ta 1959 ba?

Sannan girman kasuwa ya bambanta. Maƙalar ResNet ta 2016 kan koya wa kwamfuta gane hotuna, ta Kaiming He da abokansa uku, an ambace ta fiye da sau dubu ɗari biyu a Google Scholar, don masu aiki a ƙirƙirarriyar basira dubbai ne kuma suna rubutu da sauri. Mai aiki kan tsarin sarrafa kwamfuta ko tabbatar da ingancin manhaja, jama'arsa kaɗan ne. Idan na farkonku yana cikin babbar kasuwa, ita kuma tana ƙarama, kwatanta 21 da 6 zalunci ne tun daga tushe.

Ɗan_Birni_ML:
Baba, da girmamawa, misalanka duk na zaƙaƙurai ne da ba a samun irinsu sai jefi-jefi. Yawancin masu ƙaramin ambato ba Lamport ba ne, aikinsu ne bai ja hankalin kowa ba. Kada kowa ya fake da wannan.

Tsohon_Injiniya:
Haka ne ɗana. Shi ya sa sai an buɗe aikin an gani.

Issoufou_Yamai:
Kan maganar haɗin gwiwa, akwai abin da ba a faɗa ba. Masana lissafi suna da lambar Erdős, daga Paul Erdős ɗan ƙasar Hangari, wanda ya rubuta maƙalu wajen 1,500 da abokan rubutu fiye da 500. Wanda ya yi rubutu da shi lambarsa 1, wanda ya yi da wannan lambarsa 2. Su kansu ba su ɗauke ta ma'aunin ƙwarewa ba. Amma yanzu ana zana taswirar wa ya yi aiki da wa, a ce wanda ke tsakiyar taswira shi ne mai tasiri. To shiga tsakiyar nan da kuɗi da biza ake yi. A 2018 da 2019, da aka yi NeurIPS a Kanada, an hana masu bincike da yawa daga Afirka biza, har da waɗanda aka gayyata taron Black in AI na baƙaƙen fata masu binciken ƙirƙirarriyar basira. Sai 2023 aka yi ICLR, wani babban taron fannin, a Kigali. Wanda ya yi karatu a waje ya dawo da abokai, maƙalunsa suna tafiya da sunayen da aka sani, ana ambatonsu. Wanda ya yi duk karatunsa a gida, ko aikinsa ya fi kyau, a gefen taswira za ka same shi. Yawan abokan rubutu yana iya nuna ƙwazo, yana iya nuna dama kawai.

Baban_Walida:
Duk na ji. Amma masu cewa a karanta, ku sani karatun ma ba wahayi ba ne. A 2014 masu shirya NeurIPS sun ɗauki kashi goma cikin ɗari na maƙalun da aka turo suka ba kwamiti biyu daban, ba tare da sun san da juna ba. Sun saɓa a kan kusan rubu'in maƙalun, kuma fiye da rabin waɗanda kwamiti ɗaya ya karɓa, ɗayan ya ƙi su. Ƙwararru ke nan a fanninsu. Balle kwamitin mutum uku da ɗaya ne kawai ɗan fannin.

Malam_Algoridim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Na je wa shugaban kwamiti da takarda biyu: sanarwar DORA ta San Francisco, wadda ta ce a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki, da kuma shawarar CRA ta 2015 da ta ce a duba ayyuka kaɗan mafi muhimmanci na mutum maimakon tsawon jerinsa. Na roƙi abu uku. Kowannensu ya zaɓi maƙala uku, ya rubuta a shafi ɗaya abin da shi da kansa ya yi a cikinsu. A cire ambaton kai. A tura wa mutum biyu 'yan fannin daga wajen jami'a.

Ya yarda da biyun farko, ya ce na uku babu lokaci, ranar Alhamis za a miƙa suna. Kuma ya ce lamba za ta ɗauki rabin maki ko ana so ko ba a so.

Wani abu kuma da ya sa na ji kunyar gaggawata: da na tuna maganar Ummu_Hanan na buɗe ɗaya daga cikin manyan maƙalun na farkon, akwai sashen da aka rubuta gudummawar kowa, ashe shi ya jagoranci ɓangaren harshe guda gaba ɗaya. A sauran biyun ba a rubuta komai ba.

Ummu_Hanan:
Alhamdulillah da ka duba. Sauran biyun ka tambaye shi kai tsaye, wanda ya yi aiki ba ya rasa bayani.

Gaskiya_Ɗaya:
Wanda aka saka ma ba ya rasa bayani, Ummu. Malam, ka tambaye shi wace matsala suka fi shan wahala a kanta da yadda suka warware ta, a gaban kwamiti, ba a rubuce ba. Ita ma ku tambaye ta me ɗalibin ya yi, me ta yi.

Hajiya_Network:
Kuma manhajar fa? A wane gurbi za ku saka ta, tunda ba maƙala ba ce?

Malam_Algoridim:
Fom ɗin ba shi da gurbinta, Hajiya. Gobe da safe zan je ofishin shugaban tsangaya in tambaya ko za a bari mu haɗa ta cikin ayyuka ukun da za ta zaɓa.